Mikro ba kalangu ba ne

A duk faɗin kudancin ƙasar nan, daga Dogon Dutsi har Gure, babu malamin makarantar da ke da almajirai kamar mai gabatar da shirin wasanni a gidan rediyo. Malami na da yaransa sittin ko tamanin a cikin aji, su ma sai ya yi da gaske kafin su natsu. Shi kuwa mai mikro, da zarar ya buɗe baki ran Lahadi da marece ko Litinin da safe, ƴan fada sun aje butar shayi, ɗan kabu-kabu ya rage gudu, tela ya tsai da keke, mai ban ruwa a bakin rijiya ya gyara eriya. Ba ya kiran suna, ba ya riƙe da bulala, amma kowa ya hallara. Abin da ya faɗa shi za a maimaita a kasuwa, kalmar da ya ƙago ita yara za su shigo da ita makaranta. Mutum mai irin wannan iko ya cancanci a tambaye shi: wa kake yi ma aiki? Mun daɗe muna kauce ma wannan tambaya, wai don wasa wasa ne. Lokaci ya yi da za a yi ta a fili, ko da yake an san wanzami ba ya son jarfa.

Abin da nake so in kafa a nan shi ne, a gidajen rediyo da dama na garuruwanmu, aikin ba da labarin wasanni ya bar hanyar aikin jarida ya koma roƙo a ɓoye. Akwai masu riƙe da mutuncin sana'ar, kuma masu saurare sun san su, ba da su nake ba. Amma tsarin da ake tafiya a kai yau yana hukunta mai gaskiya, yana saka ma mai bambaɗanci. Laifin kuwa na mutum uku ne: mai mikro, da mai gidan rediyo, da mu masu ilimi da muka raina fagen muka bar shi ga duk wanda ya tsinta.

Mu fara da asali. An buɗe Rediyo Nijar a 1958, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo a 1962, ma'aikatar ORTN ta zo a 1967. Sa'ad da gwamnatin Seyni Kunce ta shirya gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa a 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, Muryar Sahel ce ta kai sunansa inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Mutumin Bilma da na Ayoru ba su ga kayen ba, kunnensu ne ya gani. Masu sharhin wancan zamani ma'aikatan gwamnati ne masu albashi. Suna da nasu aibin, don ba su isa su soki hukuma ba, amma ba sai sun bi wani alhaji zaure kafin su ci tuwon dare ba. Bayan Taron Ƙasa na 1991 ƙofa ta buɗe. A tsakiyar shekarun 1990 gidaje masu zaman kansu irin su R&M da Anfani suka fara watsa shiri, a 1999 aka kunna rediyon karkara na farko a Bankilare, daga nan kuma kowane babban gari ya samu tashoshinsa. Wannan ci gaba ne da babu mai hankalin da zai yi da-na-saninsa. Sai dai mikro ya yawaita, albashi bai bi shi ba.

Yaya ake shiga wannan sana'a a yau? Hanyar kusan ɗaya ce. Saurayi mai zaƙin murya, wanda ya bar makaranta a kolej ko lise, ko ya gama bai samu aiki ba, ya saba bugo waya a shirin wasanni har aka san sunansa. Wata rana sai a ce ya zo ya taya karanta sakamako. Bayan wata shida shirin ya zama nasa. Babu takardar ɗaukar aiki, babu horo, babu lambar asusun ma'aikata. Abin da mai gida zai ce masa bai wuce ya je ya nemo masu talla ba, a ba shi kasonsa a ciki. Mafi ƙanƙancin albashi a ƙasar nan ya tsaya a sefa 30.047 tun 2012, aka ɗaga shi zuwa 42.000 daga Janairun 2024. A ƙarshen 2021 an sa hannu a kan yarjejeniyar aiki ta ma'aikatan kafafen labarai. Ku tambayi mai shirin wasanni na garinku ko wannan takarda ta taɓa isowa aljihunsa. Wanda aka ba mikro aka hana shi albashi, an ba shi ƙoƙon bara ne a fakaice, an kuma nuna masa ƙofofin da zai ƙwanƙwasa.

Ƙofa ta farko ita ce ta shugaban kulob ko ubangidan ɗan kokowa. Shi ke biyan kuɗin mota in ƙungiya za ta Yamai, shi ke sa mai shiri a motar ƴan wasa, a masaukinsu zai kwana, a akushinsu zai ci. To ranar da ƴan wasa suka yi wata uku ba a biya su ba, ko aka sai da yaro mai hazaƙa ba a san inda kuɗin suka shiga ba, wa zai faɗa? In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Abin ma ya wuce nan. Za ka tarar mutum ɗaya shi ne mai sharhi a rediyo, shi ne kakakin kulob, shi ne dillalin da ke nemo ma ɗan wasa ƙungiya, wani lokaci har yana da kujera a hukumar wasanni ta jiha. Da safe ya zauna a taron da aka yanke hukunci, da marece ya hau iska ya yaba hukuncin, sa'an nan ya buɗe layi ya zaɓi wanda zai yi magana. Ko a kasuwar dabbobi an san dillali ba ya zama alƙalin cinikin da ya ci la'ada a ciki.

Ƙofa ta biyu ta ɗan siyasa ce. Kowa ya san gasar ƙwallo ta hutun damina da ake sa ma sunan mai neman kujera. Ba laifi ba ne mai hali ya sai ma matasa riguna da kofi. Laifin shi ne a mai da minti talatin na shirin wasanni minti ashirin na kirarin mai kofi, a ambaci sunansa sau goma, a kasa faɗin sunan yaron da ya ci ƙwallon. Ga wasu masu shiri, wasanni matakala ce kawai: shekara biyar ana yabo, sai a ji an naɗa su jami'in hulɗa da ƴan jarida a wani ofis, ko sun fito takarar kansila. Neman ci gaba halal ne. Amma wanda ya san kujerar da yake hange tana hannun wane, ba zai taɓa tambayar wane ina kuɗin gyaran filin wasa suka tafi ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A lokacin gasar takobi ne wannan ciwo ke fitowa ƙarara. Jihohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, ƙasa gaba ɗaya ta kasa kunne kwana goma. Kyauta a fagen kokowa al'ada ce tsohuwa, kuma akwai masu shela a fili da aikinsu ke nan. Amma mai sharhi aikinsa daban. Makaho a Tasawa da tsohuwa a Madawa sun ba shi aron idonsu don ya gaya masu wa ya kama wa, ta ina, da wace dabara. Sai ga shi ƴan kokowa sun sarƙe, fili ya yi tsit, shi kuwa yana lissafa jikunan da alhaji wane da hajiya wance suka bayar, yana ƙara masu da kirarin da ba su biya mai kalangu ya yi ba. Kafin ya gama an yi kaye. Mai saurare ya ji ihu, bai san abin da ya faru ba.

Kada a ce na raina maroƙa. Maroƙi na gado ya fi irin wannan mai sharhi gaskiya nesa ba kusa ba. Kowa ya san ubangidansa, a bainar jama'a yake roƙonsa, kuma ya sha wahalar koyon sana'arsa: ya san asalin gidaje, ya san wa ya haifi wa, ya san wanda ya ka da wane a wace kaka. In ya yi zuga, mai ji ya san zuga ce, ya rage abin da zai rage. Cali-cali ma da ke ba fili dariya bai taɓa cewa shi alƙali ne ba. Amma wanda ya sa rigar ɗan jarida yana roƙo ya yaudari mai saurare sau biyu: ya sai da masa yabo da sunan labari, ya kuma ɓoye masa wanda ya biya. Ya ƙwace ma maroƙi abincinsa, ya zubar ma ɗan jarida da mutuncinsa.

Ƙofa ta uku ita ce ta ɓangaranci, kuma ita ta fi ba ni tsoro. An kafa gasar takobi tana zagaya jihohi domin Ba'adare ya baƙunci Badamagare, Bazabarme ya ci tuwon Bagobiri. Muna da wasan taubasantaka, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2014, kuma a fagen kokowa yana da gurbi mai kyau: Bakatsine ya tsokani Bagobiri, a yi dariya, a watse. Amma tsokanar taubashi daban, hura wuta daban. Mai shirin da ya gane cewa layin waya ya fi cika in ya ce an zalunci ɗan jiharsu, to kullum an zalunce shi. Alƙali ya ci hanci, hukuma na da ɗan lele, abokin karawa da boka ya ci. Ba ya kawo shaida, ba ya neman jin bakin alƙalin, bai ma karanta dokokin gasar ba. Magana zarar bunu ce. Shi ya kashe mikro ya tafi gida, malami ne zai raba faɗa a filin makaranta kashegari. Yaron da aka koya ma cewa nasu ba ya faɗuwa sai da maguɗi, da wannan karatun zai girma, kuma ba a kan kokowa kaɗai zai yi aiki da shi ba.

Ƙofa ta huɗu sabuwa ce: cacar ƙwallo ta wayar salula. Masu wannan kasuwa sun gane abin da mu malamai muka kasa ganewa, wato muryar da matasa suka fi amincewa da ita. Sai ka ji shirin da aka buɗe da sallama da salati ya koma hasashen wa zai ci wa da ƙwallo nawa, ana kiran abin nazari, ana faɗin lambar da za a latsa. Mai shiri ya karɓi nasa tun kafin a busa usur, ko an ci ko ba a ci ba. Ɗan kolej da ya zuba kuɗin karin kumallonsa, da ɗan kabu-kabun da ya zuba kuɗin da zai kai ma mai babur da dare, su ne za su kwana da asara. Kamfanin da ke nesa ba shi da fuska. Fuskar da yaran suka sani, muryar da ta ce masu su gwada sa'arsu, ta ɗan unguwarsu ce.

Ga kuma wata cuta da ba kuɗi ke kawo ta ba, son kai ne. Shirye-shirye da yawa sun koma labarin mai shiri. Mun san laƙabin da ya raɗa ma kansa, mun san kulob ɗin Turai da yake mutuwar so, mun san ya yi sabon babur, mun san bikin da ya yi sanƙira a ciki ran Asabar, mun san abokansa ɗaya bayan ɗaya don kullum sai an gaishe su. Abin da ba mu sani ba shi ne matsayin ƙungiyar garinmu a teburin gasar ƙasa. Zai yi rabin awa yana gardama da masu bugo waya a kan Real Madrid da Barcelona, yana cewa «mu» da «ku» kamar kakansa ne ya gina filin. Labarin da yake karantawa kuwa daga wayarsa ya kwaso shi, kuma duk yaron da ke saurare ya riga ya gan shi tun jiya a gidan kallo. Amma Ɗan Kasawa da Jangwarzo a Maraɗi, da Espoir a Damagaram, da Adar a Tawa, in shi bai je fili ya gani ba, babu wani gidan rediyo a Madrid da zai ba da labarinsu. Haka langa da dara da dambe da sukuwar dawaki, haka gasar makarantu, haka ƴan mata masu ƙwallon hannu da ke atisaye ba mai kallo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sakacin nan yana da farashi. Isaka Dabore ya ciyo ma ƙasar nan tagulla a damben zamani a Munik a 1972. Sai bayan shekara 44 Abdul Razak Isufu Alfaga ya kawo azurfa a taikwando daga Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Shirye-shirye nawa ne suka zauna suka tambayi dalilin wannan dogon fari? Mena ta ka da Masar da ci 1 da 0 a Yamai a Oktoban 2010, ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, muka yi ta kiɗa. Ƙasar nan ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da faransanci a 2005, da kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015, da na ƴan ƙasa da 20 a 2019, har Maraɗi ta ga wasu wasannin. Amma a Nuwamban 2023, wasannin gida na Mena da Tanzaniya da Zambiya a Marakesh ta Maroko aka buga su. Ƙungiyar ƙasa ta karɓi baƙi a gidan aro. Wannan shi ne irin labarin da mai shirin wasanni ya kamata ya riƙe kamar kaska, ya tambaya, ya sake tambaya, har a ba jama'a amsa. Mai jiran a sa sunansa a jerin masu rakiya a jirgi ba zai yi ba.

Sai maganar harshe, wadda ta shafe mu kai tsaye. Ba na cikin masu cewa a kori duk kalmar aro. Mikro da balo da rediyo sun zama namu, Hausa ta daɗe tana haɗiye baƙi tana narkar da su. Amma aro daban, lalaci daban. In mutum ya ce arbit ya sifle penaliti a dezyam mitan, gardiyan ya rate, to bai yi Hausa ba, bai yi faransanci ba. Alhali kalmomin suna nan, gidajen rediyon Kaduna da Kano da sassan Hausa na BBC da Muryar Jamus da RFI sun daɗe da baza su: alƙalin wasa, mai tsaron gida, bugun daga kai sai mai tsaron gida, bugun kusurwa, satar gida, hutun rabin lokaci. A kokowa abin ya fi ciwo, don a can ba mu da uzurin cewa wasan baƙo ne. Tsofaffin ƴan kokowa na da suna ga kowane kamu, sun bambanta taɗiya da harɗiya da ɗauka, amma mai sharhi bai san komai ba sai «ya kai shi ƙasa». Kundin da aka kafa a Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Takarda ta yi nata. Amma harshe a baki yake rayuwa, kuma bakin da yara suka fi kwaikwayo ba namu ba ne.

Haka kuma tarihi ke zubewa. An sa ma filayen kokowa sunayen Kantu a Maraɗi, Langa-Langa a Damagaram, Hamidin Mai Dare a Tawa, Salma Ɗan Rani a Doso. Ku tambayi ɗalibanku su wane ne waɗannan, a wace shekara suka yi tashe, da wa suka kara. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen Disamban 2023. In ba a adana muryoyi da sakamako ba, nan da shekara talatin shi ma zai koma suna a jikin bango. Gidajen rediyo nawa ne ke da littafin da ake rubuta sakamakon wasannin jiharsu? Nawa ne suka aika wani ya zauna da tsohon ɗan kokowa ko tsohon makaɗi ya naɗi maganarsa kafin ƙasa ta rufe masa ido?

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce talauci ne, mai iyali ba ya cin ƙa'ida. Gaskiya ne, shi ya sa ban ɗora laifin a kan mai mikro shi kaɗai ba: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai gidan rediyon da ke karɓar kuɗin talla da sunan shirin, ya bar mai shirin ya nemi na cefane a zauren mutane, shi ne babban mai laifi. Amma talauci dalili ne na neman haƙƙi, bai zama lasisin sai da amana ba. Malamin kwantaragi ma ya san jinkirin albashi, kuma ba mu yarda ya sai da maki ba. Za a ce jama'a ke son labarin Turai da gardama. Jama'ar nan dai su ne ke rufe shaguna in an zo karon ƙarshe na takobi. Mutum na son abin da aka saba ba shi ne, kuma wanda bai taɓa jin wasan garinsu an ba da shi da gwaninta ba, ba a ce ya ƙi shi ba. Za a ce wasa ne kawai, a bar mutane su huta. To a fagen wasa ne yaro ke fara ganin doka ɗaya a kan mai ƙarfi da marar ƙarfi, a nan yake koyon faɗuwa ya tashi ya miƙa hannu. In muka bar wannan makaranta a hannun masu gaya masa cewa komai da kuɗi ake saye, kada mu yi mamakin abin da zai zama.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ake bukata ba ya fi ƙarfinmu ba ne. Mai shirin wasanni ya samu takardar aiki da albashi kamar mai karanta labarai, kuma duk tallafin da hukuma za ta ba gidan rediyo a ɗaura shi a kan wannan sharaɗi. Wanda ke da muƙami a kulob, ko yake dillancin ɗan wasa, ya zaɓi ɗaya, ko aƙalla ya faɗa a iska duk ranar da zai yi magana a kan ƙungiyarsa. Talla a kira ta talla, a raba ta da sharhi, tallar caca kuwa a fitar da ita daga shirin da yara ke saurare. Makarantar koyon aikin jarida ta Yamai, wadda aka daɗe da sani da IFTIC, da makarantar matasa da wasanni, su fito jihohi su ba da horo na ƴan makonni a kan dokokin wasa da ladubban sana'a, da Hausa, don yawancin masu wannan aiki ba za su iya barin iyali su zauna a babban birni ba. A kuma buɗe ma mata ƙofa, don fagen da babu muryar mace a ciki ba zai taɓa ganin ƴan wasa mata ba.

Mu ma da namu kason. Ƙungiyoyin al'adu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai na iya zama da tsofaffin ƴan kokowa da makaɗa da malaman wasanni, su tattara kalmomin fage a ɗan littafi, a raba ma kowace tasha. Malamin da ya shirya wasa tsakanin makarantu ya rubuta sakamako da sunayen yara da Hausa mai kyau, ya kai gidan rediyo da hannunsa, ya ga ko za a ƙi karantawa. Kulob-kulob na masu saurare da iyayenmu suka kafa a 1962 ba don gaishe-gaishe aka yi su ba, don a ji a tattauna a mai da martani ne. A farfaɗo da wannan ɗabi'a: in mai shiri ya zargi alƙali ba shaida, a bugo a tambaye shi shaidarsa, in ya yi aiki mai kyau, a rubuta ma shugabansa a faɗa, don yabon gwani ya zama dole, kuma mai gaskiyar da ba a taɓa yaba ma ba wata rana zai gaji.

Ga masu mikro kuwa, maganata gajeriya ce. Alhajin da kuke yi ma kirari yau, gobe in wani ya fi ku murya zai juya. Ɗan siyasa zai sauka, kamfanin caca zai kwashe allonsa ya koma wani gari. Jarin da kuke da shi ɗaya ne, wato mutumin da ya kunna rediyo ya yarda cewa abin da kuka ce ya faru, ya faru. Wannan yarda ba gadonku ba ce, aro aka ba ku, kuma mai ita na iya karɓe abinsa ba tare da ya yi sallama ba.